Jikan Badaru a Gidan Kaka Anatu

"Uwaisu, don Allah yau ka bar mana zancen mayaƙanka a Aldwych," in ji Sakinatu tun suna cikin bas ɗin Catford, unguwar iyayenta. "Gaisuwa za ka je, ba lecture ba."

"Na yi promise, rabin raina."

Alkawarin ɗan boko mai son a saurare shi! Shekara uku ke nan yana bincike a jami'arsu da ke Aldwych a kan rundunonin Ingila ta dā, masu rantsuwa ga ubangidansu su ƙona gari su raba ganima. Da suka isa gidan, mahaifinta, Dakta Mailafiya, na tambayarsa karatu, baki ya ɓalle.

"Ai mu ma muna da irinsu, Baba. Kakan babana, Badaru, da mahaya talatin ya hau Dutsen Bakal ya sauko da bayi. Har kirari gare shi: Badaru ƙone rumbu..."

"...ka bar uwa da zani ɗaya."

Kaka Anatu ce ta ƙarasa, mahaifiyar Dakta, tana zaune gefen hita tana jin ɗumi.

"A Bakal aka haife ni," ta ce. "Da wannan kirarin ake tsorata mu muna yara. Yayata Yelwa, daga bayan uwarmu mahayan Badaru suka kwance ta. Har uwarmu ta mutu tana ajiye mata ƙwaryar abinci."

Kunya ta lulluɓe Uwaisu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk littattafan da ya haɗiye, bai taɓa tambayar su wa aka ɗaure da igiya ba. Ya dubi Sakinatu, hawaye na bin kuncinta, ta kasa kallonsa. Shi ke nan, ya rasa ta da bakinsa.

Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Kaka... ban da bakin magana. In kin ce in tafi, zan tafi."

Tsohuwar ta dube shi.

"Kana son jikata?"

"Fiye da raina, Kaka."

"To tashi. Ba kai ka hau dokin ba, amma kada in ƙara jin kirarin nan." Ta share ido da gefen mayafinta. "In Allah ya ba ku 'ya mace, Yelwa za ku sa mata. Gidanku ne ya ɗauke ta, gidanku zai dawo mini da ita."