Usur ɗin da Ba a Busa Ba

"Don Allah ku zo! Maciji ne! Wallahi maciji ne ya sare ni!"

Wani hafsa da ke wucewa da gudu ya waiwayo, ya yi dariya, ya ɗaga mata babban yatsa.

"Allura, kin iya wasa! Ci gaba, alƙalai na kallo!"

Ya wuce abinsa.

Ta sake yin ihu, ihun ya ɓace cikin na sauran. Ranar atisayen ƙarshe ce ta kwas ɗin shugabanci da ake yi wa likitocin soja. An raba ajin biyu: rabi su yi aikin asibitin fagen fama, rabi su kwanta a ciyawa a matsayin waɗanda suka ji rauni. An shafa musu jan fenti, an naɗe su da bandeji, an umarce su da su yi kururuwa kamar da gaske, domin har kururuwar ma ana ba ta maki.

To wa zai yarda da ita?

Kyaftin ce, likitar tiyata. 'Yan ajin ne suka laƙaba mata Allura, saboda siririya ce kuma bakinta na huda mutum. Yau bakin bai yi mata amfanin komai ba. Hannunta na dama, wanda aka ɗaure tam da bandejin raunin ƙarya, yana zafi kamar an tsoma shi a garwashi. A kafaɗarta akwai baƙin ƙyalle.

Wata 'yar ajinsu da ake kira 'Yar Janar ce ta ɗaura mata shi da safe, ita aka ba aikin tantance masu rauni. Jan ƙyalle na gaggawa ne, rawaya na mai iya jira, baƙi kuwa na wanda aka cire rai da shi, a bar shi sai an gama da kowa.

"Ke kam kin mutu, ƙawata," ta ce mata tana murmushi. "Ku kai ta can bayan tanti, inda ciyawa ta fi tsawo. Kada gawa ta tare mana hanya."

Mutum ɗaya ne yake da ikon tsayar da atisayen: kwamandan ranar. Usur yana rataye a wuyansa. Idan ya busa, kowa ya ajiye wasa, motar asibiti ta gaske ta shigo. Amma da ya busa, jarrabawarsa ta rushe, sai dai ya dawo baɗi.

Kwamandan ranar kuwa Manjo ne. Manjonta. Zobensa yana rataye a ƙirjinta, a sarƙa ɗaya da lambarta ta soja.

Da ta hango shi yana zagaye, alƙalai biyu suna binsa daga nesa, sai ta ji hawayen sauƙi sun zubo mata.

"Nawa..." ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. "Nawa, zo!"

Ya ƙaraso da sauri, ya durƙusa kamar mai duba majinyaci. Ya ɗaga gefen bandejin.

Ta ga fuskarsa ta canja.

Likita ne. Ya ga huji biyun, ya ga kumburin da ya haura wuyan hannu, ya ga jinin da ba fenti ba. Hannunsa ya tafi wuyansa, ya kama usur ɗin.

Sai ya waiwaya ya dubi alƙalan.

"Zuciyata," ya ce ƙasa-ƙasa, "saura kiris. Wallahi saura kiris a gama."

"Ka busa..."

"Ki daure min. Kin san ni ne a gaba, takobin girmamawa nawa ne in na gama lafiya. Kada ki motsa hannun. Ina dawowa yanzu-yanzu."

"Nawa, hannuna ne na aiki!"

Ya mayar da bandejin yadda yake. Ya miƙe, ya ɗaga murya don alƙalai su ji.

"Baƙin ƙyalle! A ci gaba da masu ja!"

Ta bi bayansa da kallo, usur ɗin yana lilo a ƙirjinsa, har idonta ya rufe.

A wannan kwas ɗin suka haɗu. Ranar farko Kanar, shugaban kwas, yana karanto musu siffofin shugaba na gari daga allo, rabin ajin suna gyangyaɗi, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, an ce shugaba yakan fifita mutanensa a kan kansa. A ina ake auna wannan? Na ga takalmi da guga ne kawai suke da maki."

Manjo ne kaɗai ya yi dariya. Da aka tashi ya tare ta a baranda.

"Kyaftin, wannan bakin zai sa a kore ki."

"Ai gara a kore ni da in yi barci da kuɗin gwamnati, Yallaɓai."

"To ki bari in riƙa zama kusa da ke, ko na samu ladan ceto."

Daga nan suka fara karatu tare. Yakan riƙe hannunta ya juya shi yana kallo, ya ce bai taɓa ganin yatsun da ke ɗinke jijiya kamar nata ba. "Waɗannan yatsun amana ce a wuyana," in ji shi. 'Yar Janar, wadda ta daɗe tana ajiye masa kujera kusa da ita, ta daina amsa gaisuwarta. Mahaifiyarsa kuwa ta rantse ɗanta ba zai auri mace mai takalmin maza ba. Shi ya ce duk zai shawo kansu.

Bayan saran macijin, Allura ta farka a asibiti, ƙarin ruwa a hannun hagu, yayanta zaune a gefen gado idanunsa jajur.

"Yaya... hannuna?"

Ya juya fuskarsa bango.

Kwanaki likitoci suna fama. Maganin dafin ya ceci ranta, amma ya zo a makare, ga matsin bandeji. Naman ya mutu. Aka yanke manuniya da ɗan tsakiya.

Ita da ta sha yi wa wasu wannan aikin, ba ta buƙaci kowa ya yi mata bayani ba. Babu sauran riƙe wuƙar tiyata.

Manjo ya zo da furanni. Yayanta ya miƙe kamar zai ci kwalarsa.

"Fita! Tun farko na ce mata idonka a kafaɗar rigarka yake!"

"Yaya, bar shi," ta ce. "Ina son in ji."

Ya zauna, ya kasa kallon hannun.

"Zuciyata, ban yi barci ba tun ranar. Na zaci ba mai dafi ba ne..."

"Kai ne ka koyar da mu saran maciji a aji."

"Na yi kuskuren lissafi. Amma ki duba, me tonawa za ta gyara? Za a zauna bitar atisaye. In kika ce na gani na wuce, na rasa takobin, wataƙila har muƙamina. Da me zan riƙe ki? Yanzu fa ni kaɗai ne zan yi aiki."



"Har ka lissafa wannan ma?"

"Ina son ki, wallahi. Ko ba hannu gaba ɗaya zan aure ki."

Washegari sai ga mahaifiyarsa, matar da ba ta taɓa yarda ta haɗa ido da ita ba. Ta shigo da fara'a, ta zauna a bakin gado har da shafa mata kai.

"Sannu, 'yata. Allah Ya sa kaffara ce."

"Amin, Umma."

"Ni fa yanzu na yarda da auren nan, ɗari bisa ɗari. Dama abin da ya hana ni wannan yawon barikin ne da yanke-yanken mutane. To ga shi Allah Ya kawo sauƙi. Ki zauna a gida ki kula da mijinki. Yatsu uku ai sun isa riƙe ludayi."

Ta yi dariya, ita kaɗai.

Allura ba ta yi kuka a gabanta ba. Sai da matar ta fita ta cusa fuskarta a matashi.

Kanar ma ya zo, da hularsa a hammata.

"Kyaftin, abin baƙin ciki ne. Hatsari ne, kuma a haka za mu ɗauke shi. Manyan baƙi sun yaba da atisayen nan ƙwarai. Ba na son a ɓata sunan makaranta a kan tsautsayi."

"Yallaɓai, wa ya duba ciyawar kafin a kwantar da mu?"

"Haka muke yi shekara da shekaru."

"Wa ya ƙirƙiro dokar da ta ce duk wanda ya ceci rai ya faɗi jarrabawa?"

"Ki huta, Kyaftin. Magani ne ke sa ki surutu."

Ranar bita ta saka kakinta. Yayanta ne ya ɓalle mata maɓallan. Zauren ya cika, Kanar a gaba, Manjo tsaye gefen allo yana bayani da sanda, yadda ya tsara tantuna, yadda ya kwashe masu rauni cikin lokaci. Aka tafa masa.

"Akwai mai ƙarin bayani?" Kanar ya tambaya, yana riga yana tattara takardunsa.

Ta miƙe. Ta warware bandejin a hankali, ta ɗaga hannun sama.

Wata a baya ta ce, "Innalillahi..."

"Yallaɓai, ina da tambaya ga kwamanda."

Manjo ya dube ta, idonsa yana roƙo.

"Da ka ɗaga bandejina, me ka gani?"

"Kyaftin, wannan ba wurin..."

"Me ka gani, Yallaɓai?"

Manjo ya mayar da idonsa kan allo.

"To ni zan faɗa. Ya ga saran maciji. Ya kama usur. Ya dubi alƙalai. Ya ce min in daure, saura kiris."

'Yar Janar ta yi caraf ta miƙe.

"Zafin ciwo ne ya sa ta gane-gane! Ni ina kusa, babu abin da ta ce masa!"

"Kina kusa?" Allura ta juyo gare ta. "Ashe kin ji ihuna ke nan."

'Yar Janar ta koma ta zauna, bakinta a buɗe.

"An tara mu nan," Allura ta ci gaba, "an ce za a mayar da mu shugabanni. An koya mana tsayuwa, an koya mana magana a gaban manya. Ranar da aka zo gwajin gaskiya, wanda ya fi kowa maki ya tsallake ni ya wuce. Kuma bai karya dokarku ko ɗaya ba! Abin da kuka koya masa ya yi. Gobe ba ni ce zan kwanta a ciyawa ba, ƙaramin soja ne wanda ba shi da bakin da zai tsaya a nan."

"Ya isa, Kyaftin!" Kanar ya buga tebur. "Zauna! Za a duba."

An duba ɗin. Aka ce babu shaida, kuma kwamanda ya bi ƙa'ida. Ranar yaye ɗalibai aka kira Manjo, Janar da kansa ya miƙa masa takobin girmamawa, 'yarsa tana tafi a sahun gaba kusa da Umma. Ita kuwa aka rubuta mata rashin ɗa'a, aka tura ta ɗakin adana magunguna.

Bayan taro ya same ta a barandar da suka fara magana, takobin a hannunsa.

"Kin so ki kashe ni a gaban mutane," ya ce. "Amma na yafe miki. Har yanzu ina nan a kan maganata."

"Ka yafe min?"

"Zuciyata..."

"Kada ka sake kirana haka."

Ta sa hannun hagu ta ciro sarƙar daga wuyanta. Ta yi ta fama da maƙullin, ya ƙi buɗuwa. Ya miƙo hannu zai taimaka mata, ta ja da baya. Da haƙori ta ɓalle shi. Zoben ya faɗo, ya gangara ya tsaya a jikin takalminsa mai sheƙi.

"Ka san abin da ya fi min ciwo?" ta ce. "Ba yatsun ba. Na ga hannunka a kan usur ɗin. Ka kama shi. Da ba ka kama ba sai in ce ba ka sani ba, in ci gaba da son ka."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ƙame, ta ɗaga hannun dama mai yatsu uku zuwa goshinta, ta sara masa yadda aka koya musu, ta riƙe shi a nan. Doka ce ya amsa. Dole ya ɗago ya kalli hannun, karo na farko tun ranar ciyawa.

"Ina taya ka murna, Yallaɓai."

Daga cikin zaure 'Yar Janar ta ƙwala masa kira, ana jiransa a ɗauki hoto.

Ya tafi. Ya bar zoben a ƙasa.