Gobe Zan Aske Gemu

Ranar da ya fara ganinta a makare ta zo, tana janye da ƙanwarta Auta mai takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan yana cikin jaka tare da buroshin haƙori. Malamin ajin ya dubi takalmin, ya dubi mai riƙe da jakar, sai faɗan da ya shirya ya bi iska.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji yayar, wadda a gida ake kira Yaya. "Ba ƙiwuya take yi ba. In aka ce ta shirya, sai ta tsaya tsakiyar ɗaki ta rasa ta inda za ta fara."

"Haka otizim, wato lalurar da Auta ke da ita, yake yi wa wasu yaran. Kalmar 'shirya' ce ta yi mata girma, sai mun gutsuttsura mata ita."

Ya sa ta ɗauki hoton buroshin Auta, da rigarta, da takalminta, da jakarta, ta manna su a jere a bango. Farko wannan, sannan wancan. Ya kuma karɓi lambar wayar Yaya, wai Auta ba ta son canji ya zo mata bagatatan, gara a riƙa gaya mata tun ana gobe.

Saƙonni suka fara shigowa.

"Gobe babu darasin zane. A gaya wa Auta tun yau."

"Kin sake makara, gimbiyar latti. Amma takalmi ya zo ƙafa biyu, na yafe."

"Gobe zan aske gemu. A gaya wa Auta, kada ta ga baƙuwar fuska ta firgita."

Wannan na ƙarshen ne ya faɗa hannun Umma, mahaifiyarsu, wadda ko sallamar mai gyaran famfo sai ta juya ta ta duba bayanta.

"Wane irin malami ne zai riƙa ba 'yar mutane labarin gemunsa? Ni fa ba yau aka haife ni ba. Fakewa yake da guzuma ya harbi karsana."

"Haba Umma, aikinsa ne fa."

Bakinta ne ya faɗi haka, amma a zuci addu'a take Allah ya sa zargin Umma gaskiya ne.

Washegari a bakin makaranta, wata mai jan gyale, yayar wani ɗalibi, ta miƙo mata waya tana dariya. "Ke, dubi abin da malamin nan ya turo min." Saƙon gemu ne, ko wasali bai canza ba. Yaya ta sake karanta shi. Ashe abin da take karantawa tana murmushi rabonsa ake yi gida-gida! Ta ji kunya, ta ji haushi, kishi kuwa ba a magana.

Ta daina amsa saƙo, ta daina kai Auta, ta bar wa Umma. Auta ce ta sha wahalar fushin. Babu wanda ya gaya mata za a canza mai rakiya, sai ta koma tsayawa tsakiyar ɗaki da hannu a kunne. Umma ta ce tunda abin ya zama haka, cire ta za ta yi daga makarantar kowa ya huta.

Sai ga saƙonsa: "Gimbiya, laifin me na yi? Auta tana komawa baya."

"Ka tambayi mai jan gyale."

"Saƙon gemu gidan kowane ɗalibi na tura shi. Ki karɓi wayarta ki duba ko na taɓa ce mata gimbiya."

Ko ba ta duba ba ta yarda da shi, amma ta ƙi amsawa, don kada ya ga ta sauko da wuri.

Da yamma ya zo gidan da kansa, ya durƙusa a falo. Umma ta ƙare masa kallo daga hula har haɓar da ya aske.

"Umma, zarginki gaskiya ne, ina son ta. Ban zo a ba ni yau ba. Ni ba na kawo canji babu sanarwa."

"Kana son ta," in ji Umma. "To in ka ɗauke ta, wa zai shirya min Auta? Tun rasuwar babansu hannun yayarta kawai ta sani. Ka zo ka gyara min yarinya ne, ko ka zo ka zare mata madogara?"

"Babban burina ranar da Auta ba za ta buƙace ni ba, ba za ta buƙaci yayarta a kanta ba."

"Daɗin baki. Ranar da ta shirya da kanta, ka turo manyanka. Kuma idona na kanku."

Idon nata kuwa bai ɗauke ba. Yaya ta fara ja da baya kaɗan-kaɗan wajen shirya Auta: daga riƙe hannu ta koma nuna hoto da yatsa, daga nan bakin ƙofa, daga nan kicin, tana jin motsi tana danne zuciyarta. Wata ran a ci gaba, wata ran a koma farko da kuka. Aka ƙara hotuna biyu a bango, Yaya da akwati, da kuma Yaya tana shigowa ranar hutu.

Wata safiya Auta ta fito ita kaɗai, jaka a baya, riga a baibai. Umma ta leƙa bayan ƙofa ko an ɓoye wani mai taimako. Babu kowa.

Ana gobe ɗaurin aure ya turo: "Gobe zan zama mijinki. A gaya wa gimbiya tun yau."

"Gida nawa ka tura wa wannan?"

"Ɗaya, har abada."

Da aka zo tafiya da amarya, kowa Auta yake kallo, ana jiran ihu. Ta je bango ta taɓa hoton akwati, ta taɓa na kusa da shi.

"Farko Yaya ta tafi," ta ce. "Sannan Yaya ta dawo."

Umma ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta. Da ta share ido ta kira angon, ta dube shi, karon farko babu harara.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe min ita kamar yadda ka riƙe min Auta."