Fararen Kayan Mas'ud

Mas'ud yana Jamus yana digiri na biyu kan ƙera na'urorin da ba su kai ƙwayar gero ba. Ranar da ya turo hotonsa cikin fararen kayan ɗakin gwaji, rufe ruf har fuska, Gwaggo Fatiha da ta raine shi ta ce ya tuɓe su, sai ka ce likkafani.

Ya zo hutu bai sanar ba, mota ta sauke shi a garinsu Kaya bayan isha'i. Sai ga Gwaggo tsaye bakin hanya, tana ƙamshin kafur.

"Mas'udu, yaya hanƙuri?"

Gaisuwar makoki ce. "Gwaggo, wa ya rasu?"

"Sun ɓoye maka don jarrabawa." Ta shafa farin yadin da ya lulluɓe ta. "Na ce ka tuɓe, ashe ni zan saka."