Benen Iliyasu Ɗan Fagam

Waɗanda suka san Iliyasu tun yana ɗan acaɓa a Birnin Kudu ba sa cewa mugun mutum ne. Ɗan Fagam ne, ya baro gonar mahaifinsa ya shigo gari da matarsa Zuliha da 'yarsu Nasiha. Ɗaki ɗaya suka kama a wani gidan haya mai iyali tara, banɗaki ɗaya, rijiya ɗaya. Kullum da safe Zuliha sai ta bi layi da buta a hannu, yarinya na kuka a bayanta.

Kowace shekara mai gida sai ya ƙara kuɗi, don ma'aikata sun cika gari suna neman ɗaki ko nawa ne. A shekara ta biyar Iliyasu ya gaza. Ranar da aka fitar musu da kaya, Innarsa ta zo daga ƙauye ganin likita, tana zaune a ƙofar ɗakin. A gabanta aka jefo katifa da tukwane waje. Tsohuwar ta durƙusa tana tsince cokulan surukarta daga cikin kwata.

Wannan ne ya tsaya masa a rai. Ko da suka sami wani ɗakin a bayan gari, bai daina ganin hannun Inna cikin kwatar nan ba. Don haka da wani fasinja ya yi masa zancen Dogara, bokan da ke cikin duwatsun bayan Gwaram, bai yi a'uzubillahi ba. Kwatance ya tambaya.

Da rana tsaka ya isa, ya ajiye babur ya taka da ƙafa. Wurin wani kogo ne tsakanin duwatsu biyu, tsohuwar tsamiya ta rufe bakinsa, an ɗaure mata jan ƙyalle. Ko kukan tsuntsu babu. A ciki tuluna ne a kife jere da juna, da ƙahoni, da kasko mai busasshen jini ƙudaje na binsa. Dogara tsoho ne siriri, yana zaune a kan fatar baƙin bunsuru, bai ko ɗago kai ba.

“Gida kake so,” in ji shi.

Iliyasu ya durƙusa. “Gida, Baba. Ba nawa kaɗai ba, wanda ni ma zan zuba 'yan haya. Na gaji da wulaƙanci.”

“Za ka samu. Amma ka sani, filin naka ne, ginin naka ne, gidan kuwa na wanda zai ba ka ne. Duk shekara yana karɓar hayarsa.”

“Nawa?”

Dogara ya yi wata 'yar dariya. “Me zai yi da kuɗi? Cikin masu kwana a gidan yake ɗauka. Mutum ɗaya.”

Iliyasu ya ce, “A ba shi rago mana. Ko sa, duk shekara.”

“Ba ciniki ka zo ba. Ga hanya nan, ba wanda ya riƙe ka.”

Ya daɗe a durƙushe. Abin da ya zo masa a zuciya shi ne abin da ya hallaka shi: ai ba dole ba ne iyalinsa su kwana a gidan. Baƙi za a zuba, mutanen da bai san iyayensu ba.

“Na yarda,” ya ce.

Dogara ya tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jinin a cikin wani tsohon kwaɗon ƙofa, ya datse shi, ya jefa makullin cikin tulu. Ya ce a binne kwaɗon ranar da za a haƙa harsashi.

Daga nan duniya ta buɗe. Iliyasu ya sayar da babur ya sari riɗi, riɗi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ya taɓa shinkafa, haka. Cikin shekara biyu ya zama Alhaji, ya tayar da bene mai falat huɗu, fenti fari, da tankin ruwa a sama. Kafin fenti ya bushe an kame duka. Shi kuwa ya kama wa iyalinsa ciki da falo a wata unguwa.

“Alhaji, wai mu da gidanmu muna zaman haya?” Zuliha ta tambaye shi.

“Wancan na kasuwa ne. Kada ki sake ki kwana a can, ko da wasa.”

Shekarar farko wata ma'aikaciyar jinya cikin 'yan hayar benen, Hidaya, ta faɗi tana shanya a tsakar gida, ba ta tashi ba. Iliyasu ya je jana'iza, har da ɗaukar makara. Da ya dawo ya yi ta wanke hannu har Zuliha ta tambaye shi ko ƙazanta ya taɓa. Shekara ta biyu ɗan wani malamin makaranta ne, jaririn wata bakwai. Uwar ta zauce, tana cewa wani yana hawa matakala yana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina ta wuce kowa ya kwashe kayansa. Iliyasu ya rage kuɗin haya, ya sake ragewa, ba wanda ya zo. A ransa har ya ji sauƙi, yana ganin in babu mai kwana babu abin ɗauka.

Sai tafiya ta kama shi zuwa Kano, kwana uku. Da ya dawo ya tarar da ƙofarsu a kulle. Maƙwabciya ta leƙo tana murmushi.

“Ai Hajiya ta tare a benenku tun shekaranjiya. Ta ce za ta ba ka mamaki.”

Bai san yadda ya isa ba. Ya tarar da Nasiha a kan matakala tana wasa da 'yar tsana. Zuliha ta fito da fara'a, hannunta da lalle.

“Alhaji, dubi labulen da na sa! Maganar mutane ce kawai, mun kwana biyu lafiya lau.”

Ya suri yarinyar ya yi waje yana ihu Zuliha ta fito. Ko gida bai tsaya ya kai su ba, shi kaɗai ya nufi Gwaram, ya faɗi a gaban Dogara.

“Baba, kuskure ne! Na kwashe su. A ɗauki gidan, a ɗauki dukiyar, a ɗauke ni!”

“Sun kwana?”

“Kwana biyu kacal.”

“To an rubuta su. Kai ba ya son ka, kai ne mai kawo masa.”

Nasiha ta rasu ranar Laraba, zazzaɓin yini ɗaya, tana da shekara tara. Bayan sadakar uku Iliyasu ya kasa riƙewa, ya zauna gaban Zuliha ya faɗa mata komai. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta yi kuka ba.

“Hidaya fa?” ta ce a hankali. “Da jaririn malam? Ka sani?”

“Na sani.”

“Ni ce na shimfiɗa wa Nasiha gado a ɗakin sama. Ta ce tana son ɗakin mai taga.”

Daga ranar ba ta ƙara magana mai ma'ana ba. Danginta suka zo suka tafi da ita garinsu, Unguwar Ya. Inna da labari ya kai mata ta aiko cewa kada ya zo Fagam, ko gawarta kada ya tsaya a kai.

Hatsinsa ya ruɓe a sito. Ya sa benen a kasuwa, ko tayi ba a yi ba. Ya ɗauko masu haƙa su tono kwaɗon, suka yini uku ba su ga komai ba. Yanzu shi kaɗai ke kwana a ciki, yana sauya ɗaki, yana roƙon a ɗauke shi, kullum kuma gari na waye masa. In ya ga baƙo da jaka ya tsaya yana kallon ginin, sai ya taso da gudu cikin tsumma yana kaɗa hannu: “Babu ɗaki! Wuce, don Allah, babu ɗaki!”

Haya tana da ciwo, wulaƙancin mai gida yana da ɗaci, ba mai musun wannan. Amma duk wanda ya yarda a biya masa buƙata da ran ɗan wani, ya sani ya riga ya miƙa nasa ɗan. Ku ji tsoron Allah, ku nisanci ƙofar boka. Allah Ya wadata mu da halal, ko da a ɗaki ɗaya ne.