Tsohuwar Rijiya Ba Ta Zamewa

"Ina muryata, Sabi? Kwana biyu ina shaƙe maƙogwaro a banza?"

"Na ce miki GIF ba ya ɗaukar sauti. Hoto ne mai motsi, in ya ƙare ya sake farawa."

"Kai ma haka kake, babban kai ba sauti."

Sabi da ƙanwarsa Bake ke nan, a tsakar gidansu da ke Faraku. Shi yana zana 'yan tsana masu motsi a kwamfuta, ita ke yi musu murya, don ba wanda za ta ji sau ɗaya ta kasa kwaikwayonsa. Wannan karon sun zana tsohuwar da ake cewa tana zaune a rijiyar bayan gida: ta hau bakin rijiyar, ta zame, ta faɗa. Muryar kuwa Bake ta kwaikwayo ta ne daga wani gunaguni da ta taɓa ji a rijiyar. Sabi ya fitar da hoton, ya bazu a wayoyin unguwa.

Magariba ta kawo jiki. Innarsu ta ajiye taɓaryar sakwara. Kaji suka yi tsit.

Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka ƙirga uku, wani ya faɗo. Aka ƙirga uku, wani.

Bake ta miƙe, ta taka, ta zame, ta faɗi. Ta miƙe, ta taka, ta zame, ta faɗi. Bakinta a buɗe yana ihu, amma ko numfashi ba a ji.

Kwana biyu ana danne ta, da an sake ta sai ta ci gaba. Gwiwoyinta suka saɓule. A rana ta uku aka ɗauko Alfa Gunu, dattijon da ke karatu kan masu iska. Ya daɗe yana tofi kafin wata murya mai sanyin ƙasan rijiya ta fito daga bakin yarinyar.

"Shekara ɗari uku ina hawa ina sauka, ban taɓa zamewa ba. Yau ina faɗuwa a aljihun kowane ɗan acaɓa. Ba ƙarshe, ba bakin da zan zage su. To ita ma ta ɗanɗana."

"Yara ne, Iya," in ji Alfa. "Me zai sa ki sake ta?"

"A goge ni daga kowace waya."

"Abin da ya fita ya fita," Sabi ya ce.

Dutse ya fasa tulun da ke gefensa.

Aka yi ta ja har aka daidaita. Sabi zai sake fitar da hoton a bidiyo mai sauti, mai ƙarshe: tsohuwa ta sauka da mutuncinta, ta zagi unguwa gida-gida. Shi kuma ya zana kansa yana faɗawa kwata, ya fitar a GIF ɗin nan mara sauti, ya tura wa kowa, har budurwarsa.

Ya zauna ya yi. Layin fitar da bidiyon yana cika a hankali a allon kwamfuta, kowa ya zuba masa ido. Da ya kai ƙarshe, Bake ta yi atishawa uku, ta kwanta. Kwano ya yi shiru.

Inna ta durƙusa, ta tallafo kanta. "Bake, 'yata, ke ce?"

Yarinyar ta leƙa allon, ta taɓe baki, ta amsa da muryar ƙasan rijiya:

"Hancin nan bai yi kama da nawa ba."