Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Rungume da kwamfuta wata budurwa ta shigo shagon gyara, kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya. Mai gyara ya ɗago kai, sukudireba ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa.

"Ta Babana ce," in ji ta. "Tana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, tun daga nan ta ƙi tashi. Littafinsa na ciki, shekara tara yana rubuta shi. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba zai iya sakewa ba."

Ya kunna. Allo ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake tayar da kanta, ta sake mutuwa.

"Rajistarta ce ta lalace," ya ce. "Kundin da take dubawa ta san inda ta ajiye komai. Rubutun yana nan, hanyar zuwa wurinsa ta manta."

Aikin kwana biyu ne, amma bawan Allah ya ja shi har mako biyu, don dai ta riƙa leƙowa. Har saƙo ya fara shiga tsakani.

"Likitan kwamfuta, ya mai jiki?"

"Mai jiki da sauƙi, 'Yar Baba. Likitan ne ya kamu."

Duk mai gyaran da ya san hannunsa, kafin ya taɓa rajista sai ya kwafe abin da ke cikin kwamfuta ya ajiye gefe. Shi ma haka yake yi kullum. Amma ranar da zai yi gyaran tana tsaye a bayansa, kwafewar kuma awa uku take ci, shi kuwa so yake allon ya haska a gabanta. Ya tsallake. Gyaran rajistar ya ƙi, ya koma ga mayar da kwamfutar sabuwa, yana kallon murmushinta ya danna inda bai karanta ba.

Kwamfuta ta tashi tas. Babu komai a cikinta.

Kwana biyar yana tono, babi uku kawai ya ceto cikin ashirin. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya faɗi gaskiya. Tsohon ya ce, "Kada ka sake taka min ƙofa."

Saƙonninta suka ɗauke. Ya ji labarin ɗan aminin Baba, malamin jami'a, ya fara zuwa gidan neman aurenta. Mai gyara ya rame, ya tsani hannunsa. Bayan wata guda wayarsa ta yi ƙara.

"Ban tsane ka ba, Likita. Amma Baba ya daina magana, abinci ma sai an matsa. Ba zan iya auren wanda muryarsa ke tuna masa da wannan ba. Ka yafe min."

Washegari ya rufe shago da azahar, ya koma gidan.

"Baba, ba neman aure na zo ba, na san wannan ya wuce ni. Littafin yana kanka. Ka faɗa, ni in rubuta."

Kwana uku aka bar shi a tsaye a waje. A na huɗu tsohon ya ce daga ciki, "Babi na huɗu. Zauna."

Wata goma sha ɗaya suna haka. Masu kawo gyara suka gaji da ganin shago a rufe suka watse. Wasu wuraren ba su dawo wa Baba ba, sai ya dafe kai ya yi hawaye. Ita kuwa ta ajiye ruwa ta juya, ko kallo babu. Motar malamin jami'a ba ta fasa tsayawa a ƙofa ba.

Ranar da aka kammala, mai gyara ya fara naɗe wayar kwamfuta, ya san zuwansa na ƙarshe ke nan.

"Saura shafin godiya," in ji Baba. "Rubuta. Ga wanda ya ɓatar da littafin nan, ya kuma zauna har muka samo shi, mijin 'yata."

Yatsun mai gyara suka tsaya cak. A bayan labule wata ta fashe da kuka.

"Me ka tsaya yi? Ko ba ka iya rubuta shi ba?"

Ya iya. Allon ne ba ya gani saboda hawaye.

Baba ya laluba ya dafa kansa. "Ka turo manyanka. Allah ya yi muku albarka."