Kifin da Sada Ya Maƙala wa Baban Balki

Ranar da Balki ta fara ganin Sada, da ƙugiya ta kamo shi. Babanta Malam Yakuba, mutumin Gaya ta Nijar mai sayar da turare a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, ba ya wasa da fatsa. Duk ranar hutu sai ya hau bas daga Alƙahira zuwa bakin teku a Ain Sukhna. Ranar ta raka shi, ya miƙa mata sandar fatsar ya tafi alwala. Ta ji nauyi, ta ja iya ƙarfinta, sai ga mutum ya ɓullo cikin baƙar rigar roba, tulun iska a bayansa, ƙugiya a kafaɗa.

Ya ce mata ma'alish, wato ta yi haƙuri da Larabci, ita kuwa ta saki salati da Hausa. Nan take ya manta da zafin ƙugiyar. Ɗalibi ne daga Katsina, yana bin abokansa Misirawa nutso.

Ba a jima ba wasiƙa ta iso: "Balkina, tunda kin kamo ni, don Allah kada ki mayar da ni ruwa."

Ta amsa: "Ɗan ruwana, Baba ya ce masu nutso ke korar masa kifi, ba zai ba ɗayansu 'yarsa ba. Ka yi dabara."

Dabarar da ya yi kuwa, gara ma bai yi ba. Ya harbo ƙaton kifi, ya lallaɓa ta ƙarƙashin ruwa ya maƙala shi a ƙugiyar tsohon, wai don ya ga masu nutso ba sa hana kamu. Mutumin da ya tashi a bakin Kwara za a yi wa haka? Malam Yakuba ya jawo kifin da ko motsi ba ya yi, ya juya shi, ya ga hudar mashi. Ya ce wanda ya yaudare shi a kan kifi zai yaudare shi a kan 'ya, khalas, magana ta ƙare. Balki ta sha kuka har ta rame.

Sada ya ji kunya ƙwarai, bai kuma aiko kowa biko ba. Wata biyu yana nutso yana tsinto ƙugiyoyi da dalma da zaren da masunta suka yi asara a tsakanin duwatsu. Rannan ya fito da buhu, ya zazzage a gabansu, ya nuna musu inda duwatsun suke don su daina jifa can. Sannan ya durƙusa gaban Malam Yakuba ya amsa laifinsa ba kwana-kwana.

Masuntan Misirawa suka yi ta godiya, suna roƙa masa afuwa. Tsohon ya daɗe yana jujjuya wasu guntayen dalma da shi ya narka da hannunsa.

"Da ka fara da wannan, da yarinyata ba ta rame ba," in ji shi.

A Abbasiya aka ɗaura aure a 1984, ɗaliban Najeriya da 'yan kasuwar Nijar suka cika gida. Balki ta rasa bakin gode wa Allah, sai hawaye. Da aka shafa fatiha Malam Yakuba ya riƙe hannun angon.

"Ita kaɗai gare ni a ƙasar nan, Sada. Ka riƙe ta da gaskiya. Allah Ya yi muku albarka."